Shekarar da Kibiya Ta Ƙi Tsayawa

Mujahid da Sumayya, na san labarin da kuke ba 'ya'yanku. Duk ranar da aka taru aka ci aka ƙoshi, sai ɗayanku ya ɗauko shi: wai turaren Umma ne ya lalata kayan Abba, ya raba shi da sana'ar da ya fi so. A yi dariya, ni ma in taya ku. To, dariyar ta ishe ni haka nan. Babanku ya riga mu gidan gaskiya, Allah ya jiƙansa, alkawarin da na yi masa kuma na lokacin da kuke karatu ne, yanzu kowannenku ya zama mai gidan kansa. Saboda haka ku gyara zama ku ji yadda aka yi.

Karatun addini ne ya kawo babanku Masar, ni kuma na biyo shi da akwati ɗaya da kaskon turaren da Inna ta ba ni a Katsina. Amma ba karatun ne ya riƙe mu ba, hannunsa ne. Mutum ne mai kyan rubutu, in ya ja layin Larabci sai ka rantse bugu ne, shi ya sa ɗalibai 'yan'uwansa suka riƙa kawo masa aiki. Da kwamfuta ta shigo ya koma buga musu takardu, daga nan ya koyi buɗe cikinta, daga nan kuma kai Mujahid ka jefa shi cikin wasa. Ka tuna? Zuwa ya yi ya ƙwace maus daga hannunka don ka tashi ka yi salla, ya ce bari ya ga abin da ke cinye maka hankali. Kafin mako ya zagayo mu ne muke kiransa cin abinci yana cewa a dakata. Na sha yi masa tsiya, malami da gemu har ƙirji yana bin mutane lungu-lungu da bindiga. Shi kuwa sai ya ce ba harbin ne ya dame shi ba, so yake ya gane abin da ya sa wannan maus ke jin magana, wancan ba ya ji.

Da haka sunansa ya fita. 'Yan kasuwa daga Kano da Kaduna da Yamai, masu buɗe gidajen wasan kwamfuta, in sun sauka Alƙahira sai a ce musu su nemi Malam Nuhu a unguwar Abbasiya. Ba mu taɓa yin shago ba, falonmu na hawa na huɗu shi ne shagon, sai dai mutum ya hau matakala yana haki. Kayan kuwa daga wurin Hajj Fathi suke zuwa, Bamisiren nan mai shago a ginin masu sayar da kwamfuta. Kun san shi da alewa a aljihu, amma ba ku san ko shi wane ne a wurinmu ba. Shi ya ɗauke ni a motarsa ranar da zan haifi Sumayya, babanku na tsaye a bakin titi ya rasa abin hawa. Kuma tun da suke, bai taɓa ce wa babanku ya sa hannu a takarda ba. Sai dai ya ce masa ɗauki, ya Shehu Nuhu, je ka gwada, wanda ya yi ka riƙe, wanda bai yi ba ka dawo da shi.

Wallahi har yau in na rufe ido ina ganin teburin cin abincinmu da allunan kwamfuta uku a jere, irin masu tsadar nan da aka yi don wasa. Ɗaya faffaɗa ne mai lanƙwasa, kamar tabarmar da aka fara naɗewa aka bari. Ɗaya kuma baƙinsa ne abin kallo, in aka nuna duhu a cikinsa sai ka ɗauka a kashe yake. Na ukun ƙarami ne, ba shi da wata kwalliya, amma ya fi su saurin sauya hoto. Babanku zai sa in ja labule, ya mai da dukkansu fari tas yana neman mataccen ɗigo, hancinsa kusa da gilashin. Sannan ya ce in buɗe labulen, a ga wanne ne hasken taga ke cinyewa. Zai sa baƙo ya koma gefe ya zauna, ya tambaye shi ko launin ya koɗe. A ƙarshe sai ya kama maus ya shiga wasan, ya juya da sauri hagu da dama, yana nuna musu wanda hotonsa ke barin inuwa a baya. Kullum mai lanƙwasar 'yan kasuwar suke so, kullum kuma sai ya hana su.

"Alhaji, wannan na mutum ɗaya ne a ɗakinsa. Kai kuwa yara za ka tara, masu dangwala yatsa a gilashi."

"To mai baƙin nan fa, Malam? Ai ya fi kyau."

"Ya fi kyau, amma in hoto ɗaya ya daɗe a kansa tabo yake bari. Ɗauki ƙaramin. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima."

Yana da doka guda a wurin neman matsala, wadda ko ni mai turare na haddace don yawan ji. In abu ya ƙi aiki, ka canza abu ɗaya ka bar saura yadda suke. In bai gyaru ba, ka mayar da shi ka canza wani. Wanda ya canza biyu a lokaci guda, in ji shi, ko ya dace bai san da me ya dace ba.

A shekarar da nake ba ku labari, kai Mujahid kana Kano a ajin ƙarshe na jami'a, ke Sumayya kina sakandare. Wani Alhaji daga Kano ya aiko cewa zai buɗe babban gidan wasa, yana son babanku ya zaɓa masa komai. Hajj Fathi ya aiko da kwali guda na sababbin maus, marasa waya, marasa nauyi, in ka ɗauka kamar ɓawon ƙwai. Babanku ya ɗora ɗaya a tebur yana murmushi. Ba a jima ba na ji tsaki. 'Yar kibiyar nan da ke yawo a kan allo ta ƙi tsayawa inda ya sa ta. In ya kai ta kan abu sai ta riƙa rawa, in ya danna sau ɗaya wani lokaci sai ta amsa sau biyu. Ya ce batir ne, ya cika shi da caji. Ya ce ramin da aka soka abin karɓar saƙon ne, ya canza rami. Ya ce wayoyin maƙwabta ne ke shiga tsakani, ya sa masa igiya. Ya juya cikinsa ya hura idon da ke ƙasa, ya zaro wani siririn gashi da hantsaki, ya ɗaga shi sama kamar ya kama ɓarawo.

"Rabi, kin ga mugun! Khalas, an gama."

Ba a gama ba. Ya canza shimfiɗar da ake jan maus a kai. Ya goge manhajar ya sake sawa. Ya buɗe na biyu a kwalin, ya buɗe na uku, duk kanwar ja ce. Sai ya shiga rage saurin kibiyar, yana ragewa yana ragewa, har sai ya ja hannu daga wannan gefen tebur zuwa wancan kafin ta ƙetare allo. Ya sayo shimfiɗa mai faɗin dardumar salla. Mu kuwa muka koma cin abinci a ƙasa, ke Sumayya kina ta mita wai Abba ya ci teburin da yaƙi. Abin da ya fara tsaya mini a rai shi ne ranar da na ga ya tono wani tsohon maus mai nauyi daga cikin kwandon tarkace yana yabonsa, mutumin da ya shekara yana wa'azin cewa mara nauyi shi ne sarki.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Ni na san hawowar babanku tun daga hawa na biyu, na san tarinsa a na uku, na kuma san ƙarar makullinsa, shiga ɗaya juyi ɗaya. A watannin nan sai na riƙa jin makullin yana karce-karce a jikin ƙofa kafin ya sami rami. Ya daina sa riguna masu maɓalli, ya ce jallabiya ta fi iska. Wani ɗalibi ya kawo allon suna a rubuta masa, ya ce ba shi da lokaci, alhali zaune yake. Wata rana da ya tafi sallar la'asar, na wanke hannu na zauna a kujerarsa, abin da ban taɓa yi ba, don ba ya yarda kowa ya taɓa kayan gwajinsa. Na ɗora hannu a kan sabon maus ɗin, na kai kibiyar kan wani ɗan ɗigo. Ta tsaya cak. Na danna, ta amsa sau ɗaya. Na gwada na biyu, na gwada na uku. Ya Rabbi, da a ce sun yi rawa a hannuna da na fi kowa murna. Na tashi na gyara kujerar yadda na same ta, na shiga kicin na yi kukana.

Da ya dawo sai ya ce ya gano bakin zaren. Kayan jabu ne. Hajj Fathi ya ga tsufa ya fara kama shi, ya ɗauka ba zai gane ba, shi ya sa ya turo masa na bogi. Gobe zai mayar masa da kwalinsa ya faɗa masa abin da bai taɓa ji ba. Kun san babanku, bai iya fushi ba, amma in ya yi ba ya dawowa da wuri. Ga ni tsaye da ludayi a hannu. In na yi shiru zai zalunci mutumin da bai taɓa cutar mu ba. In na faɗi gaskiya kuwa zan gaya wa mutumin da hannunsa ne rayuwarsa cewa hannun ya fara tafiya. Idona ya faɗa kan kasko yana hayaƙi a bakin ƙofar falo, sai bakina ya riga ni.

"Malam, anya ba turarena ba ne?"

"Wane turare?"

"Ai hayaƙin yana da maiƙo. Dubi yadda yake mai da labule. In ya zauna a idon abin nan fa?"

Ya dube ni, ya dubi kaskon. Ya ɗauko auduga ya jiƙa da ruwan goge gilashi, ya shafa ƙasan maus ɗin, sai ga ɗan rawaya-rawaya a jikin audugar. Ɗan kaɗan ne, wanda ko ina ka shafa a gidan Bahaushiya za ka samu. Amma fuskarsa ta washe kamar an yi masa albishir da Makka. Nan take ya kira ki Sumayya ya nuna miki, ke kuma kika kwashe da dariya, kika kira yayanki a waya kika ba shi labari. Daga ranar labarin nan ya sami ƙafa.

Kada ku ɗauka abin wasa ne a wurina. Turaren nan sana'ata ce. Ni nake jiƙa itacen, ni nake haɗa shi yadda Inna ta koya mini, matan ɗalibai daga ko'ina suna zuwa saye, har Hausawan Sudan na unguwar Ard al-Liwa, waɗanda ba a koya musu turare, suna cewa nawa daban ne. Washegari na kwashe kwalabena da tukunyata na kai wa wata ƙawata a can, na ce ta ci gaba da masu sayena. Gidanmu ya koma ƙanshin sabulu da soyayyar albasar maƙwabta. Ranar Alhamis da yamma, lokacin da na saba zagaya ɗakuna da kasko, sai in rasa inda zan sa kaina, in fita baranda in tsaya ina kallon mai sayar da dafaffen wake a keke yana wanke tulun dahuwarsa. Na yi kewar abin nan ƙwarai, ba zan ɓoye muku ba. Amma babanku ya fasa zuwa wurin Hajj Fathi, yana ta goge kayansa yana waƙe-waƙe, na ce ya isa.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Gida ya yi wata da watanni ba hayaƙi, kibiya kuwa sai abin da ya ƙaru. Da farko ya ce turaren ya riga ya shiga ciki. Hajj Fathi ya aiko da sabon kwali, wanda bai taɓa shaƙar turarena ba, shi ma haka. Sai tsohon zargin ya dawo, ya dawo da ƙarfinsa. Na ji shi a waya yana yi wa Hajj Fathi magana a daƙile, babu kiran "ya Hajj", babu gaisuwar iyali. Alhajin Kano kuma ya iso, aka yi za a haɗu a shagon ranar Asabar. Babanku ya ce a gabansa zai yi maganar, don kada a cuci bawan Allah da sunansa. Da safiyar Asabar ɗin, bayan ke Sumayya kin tafi darasi, ya ɗaure kwalin da igiya ya sa hularsa. Na tsaya a bakin ƙofa.

"Malam, ka ba ni ɗaya daga ciki, ka kunna kwamfutar."

"Rabi, ba ni hanya, mutane na jirana."

"Su jira. Ka canza batir, ka canza rami, ka canza shimfiɗa, ka canza kwali. Har turarena ka canza. Kai ka ce a bi su ɗaya bayan ɗaya. Saura abu ɗaya da ba ka canza ba."

Na kwance igiyar da kaina, na kunna, na zauna a kujerarsa yana kallona. Na kai kibiyar tsakiyar allo na tsayar da ita. Ta tsaya. Na daɗe a haka, har wata mota da ke ta hon a titi ta gaji ta yi shiru. Sannan na tashi na ce bismilla. Ya zauna, ya ɗora hannu. Ba sai na gaya muku abin da muka gani ba. Ya ɗauke hannun ya ɗora a cinyarsa, ya rufe shi da ɗayan.

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun kafin zancen turare."

"Kika kwashe kayanki kika bayar."

"Na bayar."

Ban taɓa jin tausayin mutum kamar yadda na ji a lokacin ba, kuma na ji haushinsa, don na gane a fuskarsa cewa wani sashe nasa ya daɗe da sani. Na zaci zai cire hula ya shiga ɗaki. Sai ya miƙe ya sake ɗaure kwalin, igiyar tana kuɓuce masa, ban kuwa taya shi ba don na san ba zai so ba. Ya ce yalla, mu tafi. Ban tambaye shi abin da zai je yi ba, na dai ja mayafina na bi shi. A cikin jirgin ƙasa muna tsaye a cunkoso ya sunkuyo ya yi mini magana a hankali. Ya ce in Mujahid ya ji zai bar jarrabawarsa ya taho, Sumayya kuma za ta riƙa binsa da ido. Ya ce in bar ku da zancen turaren har ku gama. Na ce to. Shi ya sa ban koma ga kasko ba, don da na koma da kun yi tambaya, kafin ku gama kuwa masu sayena sun saba da wani hannu. Shi ya sa kuma kuka ɗauka ciwon rawar hannun daga baya ya zo.

Shagon Hajj Fathi cike yake, Alhajin Kano na zaune a kujera da babbar rigarsa, alluna na ta walƙiya a bango. Hajj Fathi ya ga kwalin, ya ga igiyar, fuskarsa ta ɗaure. Ya san abin da ke tafe, amma Bamisire ko za ku yi faɗa sai ya ba ka shayi tukuna. Aka kawo a ƙaramin kofin gilashi, cike har baki, yana tururi. Babanku ya ajiye kwalin a kan kanta. Ya miƙa hannun dama ya ɗauki kofin, maimakon ya kai baki sai ya miƙe hannun a gabansa, a sarari, inda kowa zai gani. Shayin ya fara rawa. Ya malalo ta gefe, ya bi yatsunsa da zafinsa, yana ɗiga a kan gilashin kanta. Masu ciniki suka juyo suna kallo. Bai ajiye ba.

"Ya Hajj, kayanka lafiyarsu ƙalau. Ga inda matsalar take. Na zarge ka a zuciyata, na kuma zarge ka da bakina. Ka yafe mini."

Hajj Fathi ya zagayo daga bayan kanta, yana ture kwalaye da ƙafa. Na ɗauka kofin zai karɓa. Bai karɓa ba. Hannuwansa biyu ya sa ya rufe hannun babanku, da kofin da komai, ya riƙe har shayin ya kwanta.

"Sha, ɗan'uwana, kada ya huce."

A haka ya sha shi har ƙasa, Hajj Fathi na riƙe da hannun. Ni kuwa na juya na fuskanci bango ina share hawaye, don Alhajin Kano ya fara kallona.